Shekarar da Inna Ta Ƙi Karɓar Haihuwata

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a danginmu, kuma na lura in ban tare ta da kaina ba, za a binne ni ta ci gaba da yawonta. A Kirsimetin da ya wuce muna zaune a tsakar gida ana figar kaji, sai na ji Bulus, babban ɗana, wanda furfura ta riga ta fara leƙo masa, yana ba matarsa labari wai kakarsu Inna Lami ba ta taɓa ƙaunata ba. Wai ita da ta karɓi haihuwar rabin mutanen Rikoto, da aka zo kan matar ɗanta sai ta kaɗa kai ta ce a tafi asibiti. Yana faɗa yana dariya, har da kwaikwayon muryarta. Ban tanka masa ba saboda baƙi, amma abincin ranar bai yi mini daɗi ba. Bulus yana makarantar kwana lokacin da aka yi abin, ku sauran kuma hankalinku yana kan wasa, don haka abin da kuka taso da shi shi ne abin da mata suka faɗa a bakin rijiya. Wannan babin na Inna ne, uwar babanku, da na Hannatu autata, wadda aka yi ta kai ruwa rana a kanta tun ba ta ga hasken duniya ba.

Sai na ɗan koma baya kafin ku gane. Babanku Ishaya ya gama golmo a gonar ubana, wato noman da saurayi ke yi wa surukai a wurinmu kafin a ba shi mata, bai daɗe ba ya shiga soja kamar yawancin samarin ƙasar Zuru. Na bi shi bariki bariki da tukwanena. Ku ukun farko duk a asibitin bariki na haife ku, lafiya lau, ban ga abin tsoro ba. Na huɗun ne ya canja ni. Muna wani gari a kudu inda ba na jin yarensu, su ma ba sa jin nawa, babanku kuma yana daji wurin aiki. Aka kwantar da ni a bayan wani koren labule, na yi ta naƙuda ni kaɗai ina kiran uwata da C'lela, yarenmu, ba wanda ya san abin da nake cewa. Daga baya ban san inda kaina yake ba. Da na farfaɗo sai wata ta dafa ni ta ce namiji ne, amma bai zo da rai ba. Ban gan shi ba. Har yau ban san kamanninsa ba, ban san inda aka sa shi ba. Ba na ɗora wa kowa laifi, wataƙila sun ga ɓoye mini shi ne tausayi. Na koma gida da jakar kayan jarirai yadda na tafi da ita, kuma tun daga ranar in na shaƙi warin asibiti sai koren labulen nan ya dawo mini ido.

Shekaru suka ja, har na rabar da kayan jariran ga maƙwabta, ina ganin na sauke nawa. Kwatsam sai ga ciki, na haura arba'in. Kunya ta kama ni, na dinga yafa ƙaton mayafi ko ana zafi. Ana cikin haka aka tura babanku aikin kwantar da tarzoma a ƙasar waje. Ya kwaso mu ya kawo Rikoto gidan uwarsa, ya tsaya a ƙofar zaure ya ba ni umarni kamar ina cikin kuratansa: awo kada ya wuce ni, haihuwa kuma a asibiti. Na ce masa to. Kun dai san ni, na saba ce masa to sannan in yi abin da na ga dama.

Inna Lami 'yar ƙaramar mace ce, ba ta kai kafaɗata ba, da zane a kumatu irin na mutanen da. Ba ta da fara'a, ba ta iya lallashi ba, in ta ce miki sannu to ranar kin yi babban aiki. Amma duk wanda ya kwana biyu a gidan zai san ba ƙaramar mace ba ce. Ana zuwa ɗaukarta a kabu-kabu daga ƙauyukan hanyar Wasagu, ana zuwa daga gidajen Musulmin cikin gari inda namiji baƙo ba ya wuce zaure, ana zuwa daga ruga. In muna tafiya coci da ita ba ma yin nisa sai wani ƙato ya sauka daga babur ya durƙusa, ta kalle shi sheƙeƙe ta ce da ni wannan da ƙafa ya zo, ya wahalar da uwarsa. Yawancin maganarta da C'lela take yi, amma zan sa ta a nan da irin Hausar da take yi wa baƙi, don jikokina da suka taso a Kaduna su ji.

Cikina yana wata biyar na ga aikinta da idona. Akwai wata Bafillatana mai suna Dije da ke kawo mana nono daga rugarsu ta bayan dutse, ita ma da nata cikin, tsoho. Ran nan ta shigo da hantsi, ta sauke ƙwarya, ta fara auna mana nono, sai na ga ta saki ludayi ta kama bakin turmi, gumi yana tsattsafo mata. Ko uhum ba ta ce ba. Inna ta kalli tsayuwarta kawai ta ce da Saratu, ƙanwar babanku, ta share ɗakin baya ta ɗora ruwa a wuta. Ita kuma ta je ta ciro wata tsohuwar ƙwarya da ke rataye a bayan randa, ta cika ta fal har ruwan ya yi tozo a baki. Ta ɗauke ta da hannu biyu, ba a ka ba, ta ratsa tsakar gida daga gindin randa zuwa ƙofar ɗakin da tafiyarta ta kullum, ta kauce wa turmi, ta tsallake kaza. Ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba. A bakin ƙofa ta sauke, ta wanke hannu da ruwan da sabulu, sannan ta waiwayo ta ce in shigo in riƙe wa Dije kafaɗu.

'Ya'yana, na haihu sau huɗu amma sai ranar na ga haihuwa. Dije tana durƙushe a kan tabarma, goshinta a ƙirjina, Inna tana bayanta tana wata waƙa ƙasa ƙasa da yarenmu, wadda ba ta da kalmomi da yawa, tana hawa tana sauka tare da naƙudar. Ba tsawa, ba gaggawa. Hasken rana yana shigowa ta ƙaramar taga yana sauka a kan hannuwan Inna, ni kuma idona ya kasa barin su. Sai kawai na ga mutum ya fito daga cikin mutum, da kai da kunnuwa da yatsu, komai an gama ƙera shi a wurin da ba wanda ya taɓa leƙawa. Ya sulluɓo da ƙarfi kamar kifi, hannuwan nan suka tare shi, ya canyara kuka. Tun ba a yanke cibiya ba Inna ta miƙa wa Dije shi ta ce ta duba abinta. Dije ta duba shi tun daga kai har tafin ƙafa, ni kuwa na fashe da kuka har sai da Inna ta kore ni waje ta ce ina cika musu kunne.

Da yamma, bayan mutanen Dije sun zo sun tafi da ita, na tambayi Inna zancen ƙwaryar.

"Inna, ruwan nan da kika ɗauka, addu'a ce ko al'ada?"

"Ba ko ɗaya. Gwaggona da ta koya min aikin ga bisa dutse, haka nan take yi. Jariri ya ɗara ruwa santsi. Ran da ruwa ya zube min, ban shiga, sai a nemo wata."

"Ya taɓa zubewa?"

"Sau guda, ina zazzaɓi. Na aika anka kira wata."

Daga wannan ranar zuciyata ta yanke hukunci ba ta shawarce ni ba. Na ci gaba da zuwa awo, ina toshe hanci da bakin mayafi. Nas ɗin da ke duba mu yarinya ce siririya, ba ta fi sa'ar ƙanwata ba, mai yawan murmushi. Duk zuwa sai ta ce mini, da shekaruna da kuma abin da ya faru a cikin baya, da na ji ciwon mara in taho kada in tsaya jiran komai. Ina gyaɗa mata kai, amma a raina ina ɗakin baya na gidan Inna, a kan tabarma, ana miƙo mini abina in duba. Ba gardama nake nema ba. Ina tsoron a sake ja mini labule ne, in farka a ce mini an tafi da shi. Na gaya wa kaina ko mai rai ko marar rai, wannan karon sai na gani da idona.

Da cikin ya shiga wata tara gidan ya rabu biyu. Saratu tana bayana, ita ko yaushe tana bayan duk abin da zai ɓata wa yayanta rai. Matan zumunta na cocinmu wasu suka ce asibiti, wasu suka ce ai su ma a hannun Inna Lami suka sauka, ga su nan da ƙibarsu. Babanku kuwa ta wayar Saratu yake yaƙinsa. A lokacin sai an hau tudun da ke bayan gidanmu ake samun magana, ku yi tunanina da ƙaton ciki a kan dutse ina juyawa gabas da yamma ina neman muryarsa.

"Maman Bulus, na ji abin da kuke ƙullawa ke da Saratu. Ban yarda ba."

"Uwarka ce fa, Baban Bulus. A hannunta rabin garin nan suka zo duniya."

"Na san uwata ce. In jini ya ɓalle miki, uwata tana da jinin da za ta ƙara miki?"

Sai na ce masa ba na jin sa sosai, maganar tana yankewa. Na sauko daga dutsen na wuce kai tsaye wurin Inna, tana zaune a gindin rumbu. Na durƙusa da ƙyar na ce ina so ta karɓe ni a gida. Na zaci za ta ce to ko a'a, don ba ta da kwana kwana a magana. Sai ta daɗe tana kallon cikina, hannuwanta a cikin zani, ta ce mu gani.

Na ɗauki wannan a matsayin amincewa. Na sayi sabuwar tabarma da sabuwar reza, na sa aka tara itacen wankan jego har ya kai tsayin danga, na wanke ɗakin baya. Inna tana kallona, ba ta hana ni ba. Yanzu da nake tunawa, alamu sun yi ta wucewa ta gabana. Ta daina cin abinci a cikinmu, sai a kai mata ɗaki. Ta daina zuba kunu da kanta. An zo ɗaukarta daga wani gida ta ce ƙafa ke mata ciwo, ta tura su asibiti. Ni na ɗauka tsufa ne da ƙyuya, hankalina yana kan abin da ke motsi a cikina, wanda a lokacin in na zauna nakan ga diddigensa yana ratsa fatar cikin daga wannan gefe zuwa wancan, in yi ta kallo baki buɗe.

Lokacin cirar gyaɗa ne. Wata safiya kowa ya tafi gona, yara sun tafi makaranta, gidan ya rage daga ni sai ita sai kaji. Ta fito daga ɗaki ta nuna mini kujera 'yar tsugunne a bakin ƙofar ɗakin baya.

"Rifkatu, zauna nan ki duba. Kada ki ce komi sai na iso."

Ta ciro ƙwaryar, ta cika ta kamar yadda na ga ta yi ranar Dije. Ta ɗauka da hannu biyu. Tun kafin ta ɗaga ƙafa na ga fuskar ruwan tana karkarwa. Ta fara tahowa a hankali, ta cije leɓe, jijiyoyin wuyanta sun miƙe, idonta a kan ruwan. Ba ta kai turmi ba ya fara zuba ta gefe, yana bin yatsunta yana sauka a gwiwar hannu. Ba ta tsaya ba. Ta ci gaba da tahowa ruwan yana fantsama a kan ƙafafunta, yana barin layi a ƙasa tun daga randa, har ta iso gabana ta sauke. Sannan ta miƙo mini hannuwan biyu. Suna rawa su kaɗai, na daman ya fi, babban yatsa yana murza na kusa da shi kamar mai kaɗa zare.

"Tun ran da kinka roƙe ni nike gwadawa, kullum in kun fita," in ji ta. "Na ce ko gajiya ce. Ba gajiya ba ce."

Da na ce muku na rungume ta na ba ta haƙuri, da na yi ƙarya. Kuka na sa mata, ina roƙo. Na ce ai ruwan da ya zube bai kai rabi ba. Na ce zan durƙusa ƙasa sosai, a shimfiɗa zannuwa, ko ya kuɓuce ba zai faɗi da nisa ba. Na ce Saratu ta kama, ita ta tsaya tana faɗa mata abin da za ta yi. Ta bar ni na gama, sannan ta yi mini wani kallo da ban taɓa gani a idonta ba.

"Saratu ko kaza ba ta iya riƙewa a yanka. Ke kuma faɗuwa kaɗai kike tunani. In cibiya ta naɗe wuya hwa? Yatsa guda ke shiga ya zare ta, kuma ba ya jira. Kin rasa guda ba ki ga kabarinshi ba, ya hana ki sukuni shekara da shekaru. Kina so ki rasa na biyu, ki zauna gida guda da hannun da ya sake shi, kina gani nai kullum bakin akushi?"

"Inna, tsoro nake ji. Za su rufe ni ni kaɗai."

"Ɗakin haihuwar asibitin na da taga, na tambaya. Ina nan bakinta. In kin yi kira da yarenmu akwai mai ji."

Na zauna ina kallon layin ruwan yana bushewa a ƙasa. Kafin wannan safiyar ba wanda ya ga abin nan sai ita. Da ta yi shiru ta shiga ɗakin da ni, da ba mai cewa komai, ko da abin ya ɓaci sai a ce haka Allah ya so. Gwaggon da ta kafa mata dokar ta mutu tun kafin a haife ni. Amma tsohuwar nan ta tsaya ita kaɗai a tsakar gidanta ta yanke wa kanta hukunci, ta ajiye aikin da shi ne sunanta a garin nan, kuma a kan jikan da ta fi kowa son ta karɓa. Na ga hafsoshi, na ga fastoci, ban ga wanda ya cika mini ido kamar ita a wannan safiyar ba.

Sai ta sa ni alkawari. Ta ce muddin tana numfashi kada in gaya wa kowa, ko babanku. Ta ce in mutanen Rikoto suka ji, gobe za su fara zuwa yi mata sannu suna ba ta abinci a baki, ita kuwa gara a zage ta da a ji tausayinta. Na ce to me za mu ce wa mutane, ga itace an tara, kowa ya san a gida zan haihu? Ta ce in bar mata wannan. Da yamma da aka dawo daga gona, maƙwabta sun shigo ana tsinkar gyaɗa, sai ta ɗaga murya yadda har na bayan danga za su ji.

"Ni ban karɓar haihuwar matar soja. Sun saba da gadon ƙarfe, su tahi can a yi musu. In wani abu ya faru ɗana ya taho min da bindiga?"

Saratu ta yar da gyaɗar hannunta ta shige ɗaki, ta yi kwanaki ba ta gaida uwarta da sakin fuska ba. Kafin gari ya waye maganar ta kai bakin rijiya, daga nan ta shiga coci, daga nan ta zo kunnuwanku. Mata suka riƙa tare ni a hanya suna ba ni haƙuri, suna cewa uwar miji sai a hankali, ni kuma ina sunkuyar da kai kamar gaske. Inna ba ta ƙara karɓar haihuwar kowa ba. Duk wanda ya zo sai ta ce ƙafa, ko ta ce ta gaji da ganin jini. Ta rayu 'yan shekaru bayan haka da hannuwanta a cikin zani, da ciwon ya fito fili kuma kowa ya ɗauka sabon abu ne na tsufa, ba wanda ya haɗa shi da zancena. Bayan ta rasu na gaya wa babanku. Ya tashi ya fita, sai can na hango shi zaune a gindin rumbu.

Naƙudar ta zo mini ranar kasuwa da safe, ina shara. Wani maƙwabcinmu mai a-kori-kura ya sauke buhunan gyaɗarsa ya ɗauke mu ni da Saratu. Har mun tayar sai ga Inna ta fito da mayafinta ta ce a buɗe mata, za ta je ta ga abin da ake yi a can da har ake raina tsofaffi. Ita da ba ta taɓa taka asibiti ba ko da ciwon haƙori. Da muka isa warin nan ya buge ni, na toge a bakin ƙofa, sai da aka riƙe ni aka shiga da ni. Nas ɗin nan siririya ce ke aiki. Ta kwantar da ni, ta kai hannu za ta ja labule, na ce mata don Allah ta bar shi. Ta dube ni, ta bar shi a buɗe. Ta gefen kaina akwai taga mai raga, ina juyawa na ga ƙeyar Inna, ta jingina da bango ta ba ɗakin baya.

Wannan naƙudar ta fi duk na baya. Rana ta take, ta fara karkata, ina abu ɗaya. Duk lokacin da ciwon ya taso sai waƙar nan ta taso daga taga, ƙasa ƙasa, tana hawa tare da shi tana sauka tare da shi. Na yi kira da yarenmu, aka amsa mini daga waje, aka ce in daina ɓata ƙarfina a baki in kai shi ƙasa. Har nas ta tambaye ni me tsohuwar ke cewa, da na faɗa mata ta yi dariya ta ce ita ma abin da za ta ce ke nan.

Da kai ya fito sai na ga murmushin nas ya ɗauke. Ta ce in tsaya, kada in yi nishi. Na ɗaga kaina ina kallo, don na rantse ba zan rufe ido ba. Na ga yatsanta ya shige ta gefen wuyan, ya zagayo, ya zaro cibiya ta kan kai, ya koma ya sake zaro wani naɗin, da sauri ba ko gezau. Sannan jikin ya biyo baya. Mace ce. Amma ba ta yi kuka ba, launinta kamar toka, hannuwanta sun saki. Waƙar taga ta tsaya cak.

Nas ba ta fita da ita ba. A nan gefena, inda nake gani, ta shimfiɗe ta, ta goge ta da tawul da ƙarfi, ta share mata baki da hanci, ta ɗora mata wata 'yar roba a fuska tana matsawa tana saki, tana matsawa tana saki. Ina ganin ɗan ƙirjin yana tashi yana komawa da iskar da ba tata ba. Ban yi addu'a da baki ba, na manta yadda ake yi. Duk asibitin kamar an ɗauke sauti, ko kukan akuya ban ji ba. Sai ƙafa ɗaya ta motsa. Sai ta yi wani ɗan tari kamar na kyanwa, ta yamutsa fuska, ta buɗe baki ta saki kuka. Ina kallo jini ya bi jikinta tun daga ƙirji har yatsu, tokar nan ta koma ja. Na ga rai ya shiga mutum da rana tsaka, da idona, kuma har gobe in na tuna sai na ji kamar in cire takalmi. Nas ta ɗora mini ita a ƙirji da ɗuminta ta ce, "Mama, duba abarki."

Bayan an gyara ni, Saratu ta koma gida ɗauko kunu da ruwan zafi, nas ta leƙa ta taga ta ce da Inna ta zagayo. Ta shigo a hankali tana kallon ƙasa, fuskarta a jiƙe, ta ce zafin rana ne. Nas ta san ko wace ce, ba mai aikin haihuwa a Zuru da bai san ta ba. Ta ɗauki jaririyar a naɗe cikin zani ta miƙa mata da hannu biyu har da rusunawa.

"Kaka, ga jikarki. Ke ya kamata ki fara ɗauka."

Inna ta ja da baya. Ta dubi jaririyar, ta dube ni, ta dubi ƙofa ta ga ba kowa. Sai ta dafa ƙarfen gado ta sauka a hankali ta zauna daɓas a kan siminti, ta miƙe ƙafafu, ta gyara zaninta a cinya.

"Aza min ita nan, ɗiyata. Ƙasa ta fi kusa."

Nas ta durƙusa ta ɗora mata. Inna ta fito da hannuwan daga cikin mayafi, ta sa ɗaya a ƙarƙashin kai ɗaya a baya. Suna ta rawarsu, ta kasa tsayar da su. Hannatu, ke kuwa kin ɗauka jijjiga ki ake yi, kika daina kuka kika yi barci.